Yadda Tunau Ya Sallami Wutsiyarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Goggo!

Wani talibambam ne, ɗan kwaɗon da bai yi ƙafa ba, sunansa Tunau. Wutsiya gare shi, kai, abin kallo! To wutsiyar nan 'yan mitsi-mitsin ma'aikata ne dubu suka haɗa ta, ƙwayar gero ma ta fi su girma. Shugabarsu Iya Jela. Al'adarsu, in aiki ya ƙare kowa ya kwanta da kansa, jiki ya kwashe namansa ya yi wani gini. Amma sai an sallame su, kuma sai lokaci ya yi.

Tunau ya ga manya na tsalle, ya ce shi ma yau ya sallami wutsiya. Iya Jela ta ce, "Ko ƙafa ba ka da ita, da me za ka yi iyo? Muna nan."

Ƙafafu suka fito, sirara kamar tsinke. Damina ta wuce, kududdufi ya fara ja. Iya Jela ta nemi sallama. Ja'irin ya ƙi, wai 'yan mata na yaba wutsiyar. Ruwa ya koma taɓo, ta sake nema, ya ce sai jibi. Rana ta uku ga Zalɓe tsaye a bakin ruwa, yana wasa baki.

Zalɓe ya ce, "Ɗan samari, kada ka rabu da wutsiyar nan. Wurin kamawa ce."

Tunau ya yunƙura zai yi tsalle, wutsiya ta maƙale a taɓo. Da ƙyar ya ja jiki ƙarƙashin ganyen bado. Ya fashe da kuka, ya ce ai tausayin ma'aikatan yake ji, ba zai kashe su ba.

Iya Jela ta yi dariya. "Wa ya ce kashe mu za ka yi? Cinyarka za mu koma, sakarai."

Ya sallame su. Ɗaya bayan ɗaya suka kwanta, ba hayaniya, Iya Jela ce ƙarshe. Kwana uku yana ɓoye a wurin, cinya ta cika. Zalɓe ya ɗaga ganye ya kai sara inda wutsiya take, ya cafki taɓo! Tunau kuwa tuni ya dira cikin ciyawa.

Shi ya sa kwaɗo ba ya da wutsiya, kuma kullum a tsugune yake, yana rungume da cinyoyinsa. Abin da aikinsa ya ƙare, a sallame shi a kan lokaci.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya tafi da ita!