Tsintsiya, Wanda Ya Zauna a Kufan Zaure

Kafin kowa a garin nan ya san ana hira da mutum ba baki ba murya, ni na gani. Lokacin iyayenku ko tazuge ba su iya ɗaurawa ba. Ban yi boko ba, sunana ma ban iya rubutawa, amma shekara goma sha tara ina gadin layin shagunan da abin ya faru, kuma duk sa'annina na raka su makwancinsu, ga ni zaune. To ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a garin nan. Malam Hambali, mai gyaran rediyo. A ƙuryar shagonsa akwai tsohuwar kwamfuta, ta nan yake shiga wani wuri a intanet da suke kira Zaure. Ba hoto, rubutu zalla. Masu ƙera manhajar da ba a sayarwa, wadda kowa zai buɗe cikinta ya gyara ya miƙa wa na gaba, su suka kafa shi. Su bakwai suka fara, har da Hambali, ɗaki ɗaya. Ana nan ana nan ɗakuna suka kai ɗaruruwa, kowace manhaja da ɗakinta, kowa da sunan da ya laƙa wa kansa. Shi Hambali, Tsintsiya.

Ba gwani ba ne. Aikinsa ya share masu zuba talla da zagi, in baƙo ya yi sallama ya nuna masa ɗakin da yake nema. Shi ke nan.

Sai wanda takardun Zauren ke hannunsa ya sayar wa wani attajiri, ba shawara. Jama'a suka ce ba za su zauna ƙarƙashinsa ba. Cikin yini ɗaya suka kwashe, suka kafa sabon Zaure. Attajiri ya fusata, ya kafa doka: duk wanda ya rubuta sunan sabon wurin a bainar jama'a, a kore shi har abada.

Kowa ya tashi. Hambali bai tashi ba.

Ku saurara, nan maganar take. Ya tuna da waɗanda ba su ji labari ba: mai jinya, matafiyi, ɗalibin da sai hutu yake leƙowa. Za su dawo su yi sallama a kufai, ba mai amsawa. Sai ya zauna yana yi wa attajiri shara, bakinsa gum. Duk wanda ya shigo, ya ja shi gefe ta saƙon sirri: "Mutanenka sun tashi, ga inda suka koma. Kar ka ce ni na faɗa maka."

Ran nan da hantsi amininsa, Injiniya Lauwali, wanda shi ma ɗan Zaure ne, ya zo shagon. Ina kan bencina ina ji.

"Malam, kowa ya taso, kai me kake jira?"

"Akwai sauran shara, Injiniya."

"Sharar wa? Me ya ba ka?"

"Zauna mana, ga shayi."

"Riƙe shayinka! Shekara goma muna ci a kwano ɗaya, ashe kai duk wanda ya riƙe ka, shara za ka yi masa."

Magana ta zo wa Hambali har maƙogwaro. Amma ya san bakin Lauwali: in ya faɗa masa, kafin la'asar zancen ya karaɗe sabon Zaure, kuma attajiri yana da kunnuwa a can. Sai ya haɗiye, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka."

Aka goge sunansa daga jerin bakwai ɗin da suka kafa Zaure. Aka daina kawo masa gyara. Ni kaina, ni da ban taɓa kuskuren karanta mutum ba, na daina shan shayinsa. In ya ce, "Baba Maigadi, an tashi lafiya?" sai in kalli titi. Shekara uku, jama'a. Shekara uku yana gaishe ni ina kallon titi.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Sahun jana'izarsa bai cika ɗaya ba.

Bayan arba'in wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta rubuta a sabon Zaure: "Ina Tsintsiya? Na daina ganinsa a tsohon wuri." Lauwali ya amsa mata, "Maci amanar? Ya mutu." Ta ce, "Wane maci amana? Shi ya nuna mini hanyar nan." Wani ya ce, ni ma. Wani ya ce, ni ma, ya ce kar in faɗa. Kafin azahar sun haura ɗari huɗu.

Lauwali ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofar shago. Ya zauna kan bencina, ƙato da gemu, yana kuka. Ya ce, "Baba, me ya hana shi faɗa mini?" Na ce, "Ka zauna da ya ce ka zauna?" Na faɗa, sai na tuna ni ma ban zauna ba.

Sun mayar da sunansa saman jerin. To, wa zai karanta masa?

Jama'a, abin da nake gaya muku: in kun ga mutumin kirki ya tsaya inda kowa ya gudu, kar ku yanke masa hukunci a tsaye. Ku zauna, ku sha shayinsa, ku ba shi lokaci. Kowannenku yana da wanda ya daina gaisarwa kan abin da bai bincika ba. Ku je yau, tun yana iya amsawa.

Wanda kuma yake ganin tsoho ya shara ƙarya, ya taso. Bencin na nan, shagon na nan, kabarin na nan. Da ƙafa za mu je, ni da shi, mu ga wanda zai fara neman wurin zama.