Hawainiya da Lasisin Burgu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka ƙi barci.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ku matso kusa da wuta. Ladidi, cire yatsa daga hanci. Ta yau ba ta dariya ba ce, kada wani ya ce ban faɗa masa ba.

An yi wata Hawainiya mai 'ya'ya uku, gidanta a bakin hanya. Bishiyar da suke kamun fara kuwa tana tsallake, kullum sai sun ƙetara. Ana nan sai aka zuba kwalta, motoci suka shigo garin dabbobi. A lokacin duk wanda ƙafarsa ta kai totur ya zama direba. Biri ya tuƙa, Kura ta tuƙa, har Bunsuru da bai san gabas ba.

Kun dai san tafiyar hawainiya, ko gobara ake yi ba ta sauri. Mota ta take ɗanta na fari. Ba a gama zaman makoki ba, wata ta take na biyu. Duka biyun maƙwabcinta Burgu, wato namijin gafiya, shi ya haƙa kabarin, a ƙasar rani mai tauri, har faratansa suka yi jini. Saura ɗa ɗaya. Ta sake masa suna, ta kira shi Abarshi.

Ta ja jiki ta tafi fadar Zaki, ta roƙa a hana kowa tuƙi sai an gwada shi. Fada ta kaure da hayaniya. Dila ya ce hannu ke tuƙi, ba izinin sarki ba. Kura ta ce mai rabon mutuwa ko a gado ma zai mutu. Hawainiya ta jira suka gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗa ɗaya ya rage mini."

Zaki ya ce tunda idonta ɗaya na ganin gaba ɗaya na ganin baya, ita za ta riƙa gwadawa. Wanda ya ci, ta rataya masa 'yar tagulla a wuya. Wannan tagullar ita ce lasisinsu.

Ga yadda take yi. Ta zaunar da kai a mota, ta je can nesa ta ajiye abu a kan kwalta, ta tambaye ka, "Me ke kan hanya?" Sau uku. In ka faɗa daidai, ta sa ka taho da gudu ka taka burki kafin ka taɓa shi. Biri ya faɗi, don yana can yana kallon haƙoransa a madubi. Bunsuru ya faɗi. Kura ta faɗi ta yi ta zage-zage, Hawainiya ba ta ko ɗago ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba a take ko ɗan tsako ba. Abarshi ya yi wayo. Uwar ta koya masa cewa in zai ƙetara ya dubi wuyan direba. In ya ga tagulla na walƙiya, ya taka a hankalinsa, don wannan direban ita ta gwada shi, yana gani.

Tanko, ka daina zungurar wutar nan, ko in fasa.

Sai ga Burgu ya sayo wata tsohuwar akori-kura, ya zo neman tagulla. Shi kuwa zaman rami ya cinye masa ido, da rana dishi-dishi yake gani. Amma hanci, kai! Ana toya ƙosai a wani gari, shi ya ji.

Hawainiya ta ajiye abu na farko. "Me ke kan hanya?"

Burgu ya ce, "Ƙwaryar daddawa."

Ta ajiye na biyu. "Me ke kan hanya?"

Ya ce, "Buhun albasa."

Daidai kuwa. Amma da idon nan nata na baya ta lura hancinsa ke rawa, idanunsa kuwa a kanne. Sai ta mirgino dutse ta ajiye. "Me ke kan hanya?"

Burgu ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya ce, "Ba komai. Hanya fes."

Ta ce ya sauko, bai ci ba.

Burgu bai yi faɗa ba, ai makiri ba ya faɗa. Washegari ya zo ƙofar gidanta ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar Abarshi, ya tafi. Kashegari ya sake zuwa, ya yi zancen 'ya'yansa da yunwa ta hana barci. Maƙwabta suka fara cewa haba, ai sai ta yi masa kara. A zuwa na uku sai ya zauna yana duban faratansa. Can ya ce, "Maƙwabciya, har yau ba su gama warkewa ba."

Kunya ta kama Hawainiya har jikinta ya yi baƙi. Ta ɗauko tagulla ta rataya masa, ta ce don Allah ya riƙa tafiya a hankali, ya riƙa danna oda. Ya rantse zai yi. Ta so ta gaya wa Abarshi cewa akwai tagulla ɗaya da ba ta gaskiya ba, amma ina za ta iya duban ɗanta ta faɗi haka? Ta ce sai gobe. Gobe ta yi, ta ce sai jibi.

Ranar kasuwa Abarshi ya fito zai tsallaka. Ya hango akori-kura daga nesa, ya dubi wuyan direba, ya ga tagulla na walƙiya. Ya taka a hankalinsa, kamar yadda aka koya masa. Da motar ta matso bai ji burki ba, tsoro ya kama shi, jikinsa ya rikiɗe ya zama kalar kwalta. Ɗan hawainiya kuwa ba shi da wari. Burgu ya shaƙa, bai ji komai ba. Da ya isa tasha aka tambaye shi hanya, ya ce hanya fes.

Ni kam duk sanda na zo nan wurin sai raina ya ɓaci.

Da aka taru a gidan makoki Dila ya fara cewa ga shi nan, tagullar me ta hana? Hawainiya ta ce, "Da babu tagulla da ɗana bai taka ba. Ya yarda da ita ne don ya yarda da ni."

Da la'asar sai ga Burgu yana laluben ƙofa, tagullar na wuyansa. Ya durƙusa ya ce, "Maƙwabciya, a ina zan haƙa?"

Ta miƙa hannu ta cire tagullar, sannan ta nuna masa gefen kaburburan nan biyu. Ya haƙa na uku.

Tun daga ranar burgu ya koma rami, ba ya fita sai duhu. Hawainiya kuwa ku dube ta in za ta ƙetara hanya: ta miƙa ƙafa ta janye, ta miƙa ta janye, ido ɗaya gaba ido ɗaya baya, don ba ta ƙara yarda da kowace mota ba.

Ku ji ni da kyau. Gwada direba abu ne mai kyau, ya raya 'ya'yan mutane da yawa. Amma in aka ba ka amanar gwadawa, kada ka yi kara da ita, ko wanda ya zo ubanka ne, don ba ka san ɗan wa zai taka hanya saboda ya yarda da kai ba.

Ƙurunƙus kan burgu. Ladidi, share hawayen nan, ku tashi ku kwanta.