Tsakuwar Mahauta a Tulun Alƙali

A zamanin da, a wata ƙasa mai ganuwa da babbar kasuwa, an yi wata al'ada mai tayar da hankali. Duk shekara bayan kaka, Sarki yakan tara waɗanda alƙali ya kayar a shari'a, su kaɗai, a ajiye musu tulu. Wanda ya yarda da alƙali ya jefa wake, wanda ya ƙi ya jefa tsakuwa. In tsakuwa ta rinjaya, a warware wa alƙali rawani.

Alƙali Ma'arufu ya daɗe yana tsallake tulun nan, kullum da ƙyar. Ana gab da taro sai wata tsohuwa, Ta-Annabi, ta kawo ƙarar mahautan gari kaf, jinin mayankarsu na gangarawa cikin rijiyarta. Gaskiyarta a fili take. To, amma in ya kayar da su, kowane mahauci ya sami damar jefawa a tulu!

Waziri Gwadabe ya ja shi gefe ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗage shari'ar nan sai an fasa tulu. Tsohuwa ce, ta yi haƙuri."

"Ranka ya daɗe, kafin nan me za ta sha?"

Kada ku ɗauka jarumi ne. Wallahi tsoro ya cika shi, abinci ya gagare shi, amma duk da haka ya yanke hukunci: a tashi mayanka, a yashe rijiya.

Ranar taro mahauta suka jeru. Kowa ya saki abin hannunsa sai ka ji ƙwal! Wake kuwa ba ya wannan ƙara. Ma'arufu na zaune yana ji. Aka fasa tulu, tsakuwa tsibi guda. Ya warware rawaninsa da kansa, ya ajiye gaban Sarki.

Sarki ya ce, "Sarkin Fawa, ku kuka cire, ku za ku faɗi wanda za a naɗa."

Sarkin Fawa ya dubi malaman fada ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda bai taɓa aika wa cinyar bijimi a ɓoye ba, babu kuma wanda ya mayar masa. Ya sunkuyar da kai.

"Allah ya ja zamanin Sarki, haushi ne ya sa mu, kuma mun huce. Gobe ina da shari'a da fatake, sun fi ni dukiya nesa ba kusa ba. A mayar masa da rawaninsa."

Nan take aka sake naɗa Ma'arufu. Yana fita daga fada ya tambayi dogari ko an gama yashe rijiyar nan. Dogari ya ce ai tun jiya tsohuwa take shan ruwanta.