Geron Tanimu da Tsuntsayen Gaffati

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne mai zurfin ilimi da tsentseni da gudun duniya, wanda a shekarun da ake ta maganar mulkin kai ya buɗe zaurensa a Damagaram ga magidanta masu furfura, irinmu da karatu ya wuce mu tun ƙuruciya. Cikinmu akwai Tanimu, manomi daga Gaffati, wanda hannunsa ya saba da hauya har alƙalami kan karye masa a yatsu. Mukan yi masa dariya, shi ma ya taya mu, amma bai taɓa fashi ba.

Da gero ya fara nuna, sai labari ya zo cewa jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye gona a yini guda, sun doshi Gaffati. Gonar Tanimu da ke can kuwa ita ce abincin gidansa na shekara, ga shi ba kowa a can sai matarsa Zara. Ya ajiye allo, ya durƙusa gaban Shehu ya ce, "Allah gafarta Malam, in na zauna iyalina za su sha yunwa, in kuwa na tafi na san kaina, ba ni dawowa."

Shehu ya dubi gabas, leɓɓansa na motsi, sannan ya ce, "Ɗauki allonka, Tanimu. Wanda kake karanta maganarSa Shi ke ciyar da tsuntsu."

Wallahi ni kaina hankalina bai kwanta ba. Haka Tanimu ya zauna yana biya karatu da hawaye, har ranar Alhamis da ake hutu na raka shi gida. Tun daga nesa muka hango itatuwan tsamiya sun yi baƙi ƙirin da tsuntsaye. Sai ga Zara ta taro mu da sauri, tana cewa, "Maigida, tun Litinin suke nan! Su sauka fadama su ci ciyawa, su koma bisa. Ko zangarniya ɗaya ba su taɓa ba, tamu ko ta maƙwabta."

Ya shiga gona ya murza zangarniya, tsaba ta cika masa tafi. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ran Asabar ina da karatu."

Tsarki ya tabbata ga Mai girmama bayinSa salihai. Ya Allah, Ka jiƙan Shehinmu, Ka haskaka makwancinsa, Ka ɗiba mana daga albarkarsa. Amin.