Shari'ar Kwaɗo Tsakanin Sarakuna Biyu

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu sha labari.

Wai Kwaɗo ne ya haura tudu neman fara, ya bar matarsa a tafki tana dakon ƙwai. Garin tsalle ya kifar wa Kura da tukunyar miya, sai Dila, jakadan Sarki Zaki, ya cafke shi.

Kunkuru, jakadan Sarki Kada, ya iso yana haki, ya ce, "Sake shi! Ɗan ruwa ne, mu kaɗai ke hukunta namu."

Dila ya ce, "A ƙasarmu ya yi ɓarna, alƙalinmu zai gani."

Kwaɗo ya durƙusa ya ce, "Ranku ya daɗe, ku haɗu ku yi mini bulala in tafi. 'Ya'yana na gab da fitowa, ban ga ko ɗaya ba."

Suka haɗa baki suka ce, "Kul! Wannan maganar sarakuna ce."

Aka kulle shi a kogon kuka, sarakuna na ta jayayya a kansa. Daga ciki yake jin ƙamshin ruwan sama, yana raɗa wa 'ya'yansa sunaye, yana tunanin da wa suka yi kama.

Sai da kaka ta yi sarakunan suka shirya a wajen wani biki, aka buɗe kogo ba tare da shari'a ba. Ya ruga gida, ya tarar tafki ya ƙafe, iyalinsa sun watse.

Shi ya sa har yau, da ruwa ya sauka, za ku ji shi bakin tafki yana kiran sunayen nan, ko wani zai amsa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera.