Baiwar da Ba a Jin Maganarta Sai da Bulala

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Yaya!

Ku rage murya. An yi wani jarumi a ƙasar Girka ta da, can tsakiyar teku. Ya ci wani gari da yaƙi, aka raba ganima, shi ya samu tukunyar tagulla da wata mata, Talisa. Ya sa ta niƙa. Wai a garin jarumin nan maganar baiwa ba magana ba ce sai an dake ta. Ni ma ban san dalili ba, haka na ji.

Rannan kare ya fasa tulun mai. Talisa ta ce, "Ranka ya daɗe, kare ne."

Ya ce, "Baiwa ba bulala, ba magana."

Aka dake ta, ta ce kare ne. Ya ce, "To, yanzu na yarda."

Akuya ta ci tsaba, haka aka sake yi. Sai ƙoƙon zinariyarsa ya ɓace. Aka dake ta, ta ce ba ta gani ba. Ya ce, "Wannan karon dukan bai isa ba. Zan tafi yaƙi. In na dawo, igiya ce a wuyanki."

Tana niƙa tana kuka, sai wani ɓera da take zuba wa tsaki ya leƙo. Ya ce, "'Yar uwa, bar kuka. Na huda gindin jirgin ruwan da zai tafi yaƙi da shi, na kuma cinye bulalar, fata ce mai daɗi."

Ta ce, "Wayyo, ni ba na son alhakin rai."

Ya ce, "To je ki gaya masa mana."

Ta je bakin ruwa. "Ranka ya daɗe, jirginka a huje yake."

"Baiwa ba bulala, ba magana. Ku kawo bulala!"

Aka duba, sai guntun icen mariƙi. Ta sake faɗa. Ta faɗa na uku har da durƙuso, duk gari na ji. Iska ta taso, mayaƙa na jiransa. Ya ce, "Ba a dake ta ba, ƙarya ce." Ya shiga jirgi.

Har yau bai dawo ba.

Abin da nake ta tunani shi ne, da an samu bulalar fa? Oho. Ku dai, in na ƙasa da ku ya yi magana, ku saurara tun bai yi kuka ba. Kuma kada ku ce wa Inna ni na ba ku wannan.

Kurunkus, kan ɓeran da ya ci bulala.