Mai Bidiyon Da Ya Zare Waya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai sana'ar ɗaukar bidiyo. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin bene, da tebur, da benci, da wata fanka mai ƙara. Ba ya caca, ba ya cin haƙƙin kowa, sallarsa a kan lokaci. Ciwonsa ɗaya ne: zuciya. Abu kaɗan, sai ya hau sama.

Kwamfutarsa ta fara yi masa tsiya. Yana tsakiyar haɗa hoto sai fuskarta ta yi shuɗi, ta ɗauke. Ya kunna, ya koma farko, ta sake ɗaukewa. Ya bushe mata ƙura, ya goge wannan, ya saka wancan, duk a banza. Waɗanda suka ba shi aiki suna ta sintiri. Cikinsu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu. Shi ya ɗauki bidiyon marigayin yana jawabi ranar da 'yarsu ta gama karatu, kuma ba su da muryarsa a ko'ina sai nan. Kullum ta zo, sai ya ce, "Gobe, Hajiya."

Da abin ya ishe shi, ya kira yayansa, wanda gyaran kwamfuta ne aikinsa a wani gari. Yayan ya ce matsalar tana babban allon da ke cikin akwatin. Akwai ƙaramar manhaja a jikinsa, ana ce mata bayos, ta tsufa, sai an sabunta ta. Ya turo masa sabuwar, ya ce ya sa a filasha, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ya ɗora ta daga nan.

"Amma ka ji ni da kyau," in ji yayan. "In ta fara, kar ka taɓa ta. Ko ta yi kamar ta suma, ƙyale ta."

"Na ji, Yaya. Ai ni ba yaro ba ne."

Ya fara. Wani siririn layi ya kama tafiya a fuskar kwamfutar, ya kai tsakiya, ya tsaya cik. Ga zafi, ga wayarsa tana ta ruri. Ya tashi, ya zauna, ya yi tsaki. Matarsa ta shigo da abinci, ta ga fuskarsa.

"Maigida, ka bar ta ta gama mana. Zo ka ci abinci."

"Ke ma kin zama injiniya?" Ya daka mata tsawa, ya kai hannu ya fizge wayar wuta daga bango.

Da ya mayar ya kunna, sai ƙarar fanka. Fuskar baƙa ƙirin.

To ku lura, ya 'yan uwa, har a nan Allah bai rufe masa ƙofa ba. Ya sake kiran yayansa. Yayan ya ce, "Ai na gaya maka. Amma kwantar da hankalinka, aikin mutane yana cikin faifan ajiya, ba abin da ya same shi. Aiko min da allon kawai."

Me ya ji a cikin wannan magana? "Ai na gaya maka" kawai ya ji. Ya zazzaga wa yayansa rashin kunya, ya ce shi ya kai shi ya baro. Ya kashe waya, ya ture akwatin daga kan tebur, ya bi shi da ƙafa. Matarsa ta ajiye kwano ta fita tana hawaye.

Faifan ya fashe a ciki. Ya kai shi wurin masu gyara, kowa ya girgiza kai.

Hajiya ta dawo, da autanta a hannu. Ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, "Wannan bai san muryar babansa ba. Na yi masa alkawari." Ta ja yaron suka tafi.

Labari ya bazu. Wa zai sake ba shi amanar ranar da ba ta dawowa? Shago ya mutu. Yayansa ya daina ɗaga wayarsa. Matarsa tana gidan, amma in ya shigo kowa sai ya yi tsit.

Ya 'yan uwa, kwamfuta ce ta rusa shi? A'a. Tata lalurar tana da magani, har an kawo maganin. Fushi ne ya hana shi jira, girman kai ya toshe masa kunne. Kai da kake saurare na, me ka fasa a gidanka cikin fushi? Wace magana ka jefa wa ɗan uwanka da ba za ka iya ɗaukowa ba? In ka ji zuciya ta taso, janye hannunka, kama bakinka, ka nemi tsarin Allah.

Allah ya kiyaye mu daga sharrin zukatanmu, ya ba mu haƙuri kafin ɓarna, ba nadama bayanta ba. Amin.